Mata a Kujerar Shugabancin Kamfani da Tarihin Almundahana

Gabatarwa

A duk lokacin da wani babban kamfani ya durƙushe saboda cin amana, akan sami masu cewa da mata ne ke jan ragamarsa da hakan ba ta faru ba. Bayan karyewar bankin Lehman Brothers a Amurka a shekarar 2008, Christine Lagarde, wadda ke riƙe da muƙamin ministar kuɗi ta Faransa a wancan zamani, ta sha yin barkwanci da cewa da 'yan'uwa mata ne suka kafa bankin maimakon 'yan'uwa maza, da labarin ya sha bamban. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne gare mu. A gidajenmu ma, idan za a yi adashi, uwar adashi ake nema, domin ana ganin kuɗi sun fi samun kwanciyar hankali a hannun mace.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan ra'ayi da ma'aunin tarihi. Za mu bi sawun matan da suka hau manyan kujeru a kamfanoni, mu ga waɗanda suka tona asirin ɓarna, da waɗanda aka kama da hannu dumu-dumu a cikinta, da kuma waɗanda aka kira su share gida bayan an gama ta'adi. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin daga cikin ɗalibai mata da ke zaune a azuzuwanmu akwai waɗanda gobe za su zama akantoci da manajojin banki, kuma wata rana za a miƙa wa ɗayarsu takardar da ta san ƙarya ce a ce ta sa hannu.

Kafin a Buɗe Musu Ƙofa

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne ƙarancin shekarun da mata suka yi a wannan fage. Sai a 1972 aka sami mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan kamfanoni 500 na Amurka, wato Katharine Graham ta kamfanin jaridar Washington Post. Aka yi shekara hamsin bayan haka, sai a 2023 adadin mata a wannan jeri ya haura kashi 10 cikin 100. Saboda haka duk wanda ya ce tarihi ya nuna mata ba sa satar kuɗin kamfani, sai a tuna masa cewa ba a daɗe da ba su makullin ma'aji ba.

Duk da haka, tun kafin a buɗe musu wannan ƙofa an sami mata a ɓangarorin biyu na al'amarin. A birnin Boston, a 1879, wata mata mai suna Sarah Howe ta kafa wani asusun ajiya na mata zalla, ta yi alkawarin ribar kashi 8 cikin 100 kowane wata. Ba ta juya kuɗin a wata sana'a, abin da sababbin masu ajiya suka kawo shi take biyan tsofaffi da shi. Mata fiye da dubu suka kai mata abin da suka tara, mafi yawansu marasa aure masu neman na kansu. Wata jarida ta fallasa ta a 1880, aka ɗaure ta. Wannan ya faru ne shekara arba'in kafin Charles Ponzi, wanda ake kiran irin wannan zamba da sunansa. Abin lura a nan shi ne, jarin Sarah Howe na gaskiya shi ne yardar da mata suka yi wa 'yar'uwarsu mace. A Faransa kuma an yi Marthe Hanau, wadda ta kafa jaridar harkokin kuɗi a 1925 tana tallata hannun jarin kamfanonin da ba su da komai sai suna. An kama ta a 1928, ta mutu a kurkuku a 1935.

A ɗaya ɓangaren akwai Ida Tarbell, 'yar jaridar da ta shafe shekaru tana tono takardun kamfanin man fetur na Standard Oil mallakar Rockefeller. Littafinta da ya fito a 1904 ya bayyana yadda kamfanin ke haɗa baki da kamfanonin jiragen ƙasa don a karya ƙananan 'yan kasuwa. A 1911 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba da umarnin a rarraba kamfanin. Sai dai Tarbell daga waje ta yi aikinta. Labarin matan da suka yi magana daga cikin ɗaki ya fi fitowa fili ne a farkon wannan ƙarni.

Shekarar Masu Tonon Asiri

A watan Agusta na 2001, Sherron Watkins, mataimakiyar shugaba a kamfanin makamashi na Enron da ke jihar Teksas, ta rubuta wa shugaban kamfanin, Kenneth Lay, wasiƙa tana gargaɗinsa cewa lissafin kamfanin ginin toka ne. Abin da ake yi shi ne a ƙirƙiri ƙananan kamfanoni na gefe, a jibga musu basussuka da asarar Enron, domin littafin uwar kamfani ya fito fes ga masu zuba jari. Ba a gyara komai ba. Hasali ma an nemi shawarar lauyoyi a kan abin da zai biyo baya idan aka kore ta. A watan Disamba na wannan shekara Enron ya karye, dubban ma'aikata suka rasa aikinsu da abin da suka tara na fansho. An yaba wa Watkins, amma an kuma yi mata tsokaci cewa maigidanta kaɗai ta rubuta wa, ba ta kai ƙara ga hukuma ba sai da Majalisar Dokoki ta kira ta a 2002.

Labarin kamfanin sadarwa na WorldCom ya fi cancantar mu tsaya a kansa, domin a nan ne muka ga mata biyu a gida ɗaya, a gaban jarrabawa ɗaya. WorldCom yana biyan wasu kamfanoni kuɗin hayar layukan waya, wanda kashewa ce ta yau da kullum da ya kamata a cire daga riba. Da ciniki ya ja baya, sai manya suka ba da umarni a riƙa rubuta waɗannan kuɗaɗe a matsayin jarin da aka zuba a kadara. Misalinsa kamar mai shago ne ya biya kuɗin haya, sannan ya rubuta a littafi cewa gida ya saya. Ta haka asara ta rikiɗe ta zama riba a kan takarda.

Mace ta farko ita ce Betty Vinson, babbar jami'a a sashen lissafi. Lokacin da aka fara ba ta umarnin murɗe lissafi a shekarar 2000 ta nuna rashin amincewa, har ta yi niyyar ajiye aiki. Aka lallashe ta da cewa sau ɗaya ne, kuma manya ne za su ɗauki alhaki. Albashinta ne ƙashin bayan gidanta. Ta shigar da lissafin. Da wata uku suka zagayo aka sake nema, ta sake yi, har abin ya zama jiki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ta biyu ita ce Cynthia Cooper, shugabar sashen binciken kuɗi na cikin gida. A 2002 ita da 'yan ƙalilan daga ma'aikatanta suka ci karo da alƙaluman da ba su da takardar shaida. Suka riƙa yin aiki da dare don kada a farga. Babban jami'in kuɗi na kamfanin, Scott Sullivan, wanda shi ne maigidanta, ya nemi ta jinkirta binciken, ta ƙi. Ta tsallake shi ta kai maganar ga kwamitin daraktoci mai kula da binciken kuɗi. A watan Yuni na 2002 aka bayyana cewa an yi aringizon dala biliyan 3.8, kuma daga baya adadin ya kai kusan biliyan 11. Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, ya sami ɗaurin shekara 25 a 2005, Betty Vinson kuma wata biyar. A ƙarshen 2002 mujallar Time ta zaɓi Cooper da Watkins, tare da Coleen Rowley ta hukumar bincike ta FBI, a matsayin gwarazan shekara.

Idan muka ce mace ce Cooper shi ya sa ta yi gaskiya, me za mu ce game da Vinson? Bambancin da ake iya gani a tsakaninsu, ban da na hali, shi ne na matsayi. Vinson tana ƙarƙashin masu ba da umarnin ne kai tsaye, ba ta da wata ƙofa sai tasu. Cooper kuwa aikinta ya ba ta hanyar isa ga daraktoci ba tare da ta bi ta hannun maigidanta ba. Dokar Sarbanes-Oxley da aka kafa a watan Yuli na 2002 ta ɗauki wannan darasi: ta ƙarfafa 'yancin kwamitin binciken kuɗi, ta wajabta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu a kan ingancin lissafi, ta kuma ba masu kwarmata bayani kariya.

Abin da Masana Suka Gano

Tun a 1975 Freda Adler ta yi hasashen cewa yayin da mata ke samun damar shiga fagagen da maza suka mamaye, za su kusanci maza a yawan aikata laifi. A ɗaya gefen, a 2001 masu bincike a Bankin Duniya, David Dollar da Raymond Fisman da Roberta Gatti, suka nuna cewa ƙasashen da ke da mata da yawa a majalisa sun fi ƙarancin cin hanci. Wasu hukumomi sun riga sun yi aiki da irin wannan tunani, kamar yadda ƙasar Peru ta fara miƙa aikin kula da zirga-zirgar motoci a birnin Lima ga 'yan sanda mata a 1998. Amma Anne Marie Goetz ta yi raddi a 2007, inda ta nuna cewa cin hanci sana'a ce ta ƙungiya, yana tafiya ne ta hanyar abota da ubangida da yaro, kuma sau da yawa mata ba sa cikin waɗannan da'irori. Ƙarancin hannunsu a ɓarna yana iya zama alamar cewa ba a gayyace su ba.

Binciken da Darrell Steffensmeier da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya ƙarfafa wannan fahimta. Sun duba shari'o'in zamba 83 na manyan kamfanonin Amurka, waɗanda suka shafi mutum 436. Mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka tuhuma ba. Waɗanda aka samu ma, galibinsu ƙaramar rawa suka taka, kuma abin da suka samu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na maza. An jawo su ne ko dai saboda kusanci da jagoran zambar, ko kuma saboda suna zaune a kan teburin da dole takarda ta bi ta kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙasar Sin kuma, Douglas Cumming da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa kamfanonin da hukumar daraktocinsu ta haɗa maza da mata sun fi ƙarancin zamba a harkar hannun jari.

Akwai kuma batun hukunci. Mark Egan da Gregor Matvos da Amit Seru sun bi tarihin masu ba da shawarar zuba jari a Amurka, suka gano cewa idan an kama mace da laifi, yiwuwar a kore ta ya fi na namiji da kashi 20 cikin 100, yiwuwar ta sami wani aikin kuma ya gaza nasa da kashi 30. Wadda ta san ba za a yafe mata ba dole ta fi taka-tsantsan, ko da zuciyarta ba ta fi ta kowa tsarki ba.

Darasin Bankunan Nijeriya

A ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank. Aka zuba naira biliyan 420 don kada su nutse da kuɗin jama'a. An same su da tulin basussukan da ba a biya, waɗanda aka bayar ga 'yan kasuwar mai da masu cacar hannun jari da kuma makusanta. Huɗu daga cikin shugabannin maza ne, ɗaya mace, wato Cecilia Ibru ta bankin Oceanic.

Ita ce ta farko da shari'arta ta kai ƙarshe. A watan Oktoba na 2010 ta amsa laifuffuka uku a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarori da hannun jari na fiye da naira biliyan 150. A 2011 Ecobank ya haɗiye Oceanic. Hukumar EFCC da ta gurfanar da ita kuwa mace ce ke shugabancinta a lokacin, wato Farida Waziri. Haka nan daga cikin mutum biyar da aka naɗa su ceto bankunan, biyu mata ne: Funke Osibodu a Union Bank da Suzanne Iroche a Finbank. A 2010 kuma Arunma Oteh ta karɓi ragamar hukumar kula da kasuwar hannun jari, bayan mummunar faɗuwar da kasuwar ta yi. Ke nan a cikin rikici ɗaya mun ga mace a akwatin mai laifi, mace a kujerar mai tuhuma, da mata riƙe da tsintsiya.

Me ya raba Cecilia Ibru da Cynthia Cooper? Iyalan Ibru ne suka kafa bankin Oceanic, kuma ita matar jagoran gidan ce. Ba baƙuwa ba ce da aka hana shiga da'ira, ita ce tsakiyar da'irar. Babu wanda ke sama da ita da zai ce mata a'a. Irin wannan yanayi muka sake gani a Biyetnam, inda Truong My Lan ta mallaki fiye da kashi 90 cikin 100 na bankin SCB ta hannun 'yan amshin shata, ta mai da shi aljihunta, har kotu ta same ta da wawure kimanin dala biliyan 12 a 2024. A Amurka ma Elizabeth Holmes, wadda ta kafa kamfanin Theranos a 2003, ta yi iƙirarin cewa na'urarta za ta yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini kaɗan. Ta cika hukumar daraktocinta da manyan dattawa irin su Henry Kissinger da George Shultz, masu suna amma ba masana gwajin jini ba. Darajar kamfanin ta kai dala biliyan 9 kafin asiri ya tonu a 2015, kuma a 2022 aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11. Daga cikin waɗanda suka kai ƙararta ga hukuma akwai wata ƙaramar ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Erika Cheung. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: duk inda aka bar iko a hannun mutum ɗaya ba mai dubawa, an gayyaci ɓarna, ko hula yake sawa ko kallabi.

Masu Sharar Gida

A 2005, Michelle Ryan da Alexander Haslam na Jami'ar Exeter a Ingila suka duba manyan kamfanoni 100 na ƙasar, suka gano cewa an fi naɗa mata a hukumar daraktoci bayan kamfani ya shafe watanni yana tangal-tangal. Sun ba wannan yanayi sunan da za mu iya fassarawa da "gaɓar gilashi", wato a ɗora mace a sama, amma a bakin rami. Misalin Aislan ya yi daidai da wannan: bayan rushewar manyan bankunanta uku a 2008, mata aka miƙa wa biyu daga cikin sababbin bankunan da aka gina a kan kufansu. Mary Barra kuma ta hau kujerar kamfanin motoci na General Motors a watan Janairu na 2014, ba a yi wata biyu ba maganar makunnin mota mai lahani ta fashe, lahanin da wasu a kamfanin suka sani tun kusan shekara goma. Ta sallami ma'aikata 15, kamfanin ya biya diyyar rayuka 124.

Hatsarin da ke cikin wannan al'ada iri biyu ne. Idan gyara ya gagara, sai a ce ai dama mata ba za su iya ba. Idan kuma aka naɗa mace don a wanke sunan kamfani kawai, alhali tsarin da ya haifi ɓarnar yana nan, to an yi fenti ne a kan bangon da ya tsage.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na farko, mata sun fi maza ƙarancin shiga almundahanar kamfani, kuma alƙaluma sun tabbatar da haka, amma babban dalili shi ne nisansu daga da'irar da ake ƙulla ta da kuma tsananin hukuncin da ke jiransu. Na biyu, inda mace ta zama ita ce mai gida, ba mai ƙalubalantarta, ta aikata irin abin da maza suka aikata. Na uku, amfanin cuɗanya maza da mata a shugabanci na gaske ne, domin zamba tana bukatar mutanen da suka yarda da juna su rufa wa juna asiri, kuma shigowar wanda ba ɗan gida ba yana wahalar da wannan haɗin baki.

Ƙasar Nowe ta kafa doka a 2003 cewa mata su riƙe kashi 40 cikin 100 na kujerun daraktoci a manyan kamfanoni. A 2012 Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka sa wa kansu burin kashi 30 a hukumar daraktoci da kashi 40 a manyan muƙaman gudanarwa. Muna goyon bayan irin waɗannan matakai bisa hujjar adalci da cancanta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗora wa mata nauyin zama sabulun wanke kamfani, domin wannan yabo ne mai ƙaya. Ɗalibarmu da za ta shiga banki gobe tana bukatar abin da Cynthia Cooper ta samu, Betty Vinson ta rasa: ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba ta hannun maigidanta ba, da dokar da za ta kare abincinta idan ta ce ba za ta sa hannu ba. Samar da waɗannan aiki ne da ya rataya a wuyan 'yan majalisa da hukumomin sa ido da masu hannun jari, mazansu da matansu.